Amanar da Ke Wuyan Zumuntar Matasa a Kano

A yawancin ikkilisiyoyin Kano, tun daga manyan majami'un Sabon Gari har zuwa ƙanana da ke Birged da Badawa, akwai mako guda a shekara da ake sakar wa matasa ragamar sujada. Su ne ke jan waƙa, su karanta nassi, su karɓi baiko, ɗaya daga cikinsu kuma ya hau mumbari ya yi wa'azi. Ana ɗinka anko, a yi hayar kayan sauti, a gayyato baƙon mai wa'azi daga Jos ko Kaduna, ranar Lahadin rufewa kuwa majami'a takan cika har a jera kujeru a waje. Idan aka tashi, dattawa sukan gyaɗa kai su ce zumuntar matasan bana tana da rai. Ba na ƙin Makon Matasa, kuma na san irin ɗawainiyar da yara suke sha kafin su shirya shi, amma a ganina mun daɗe muna auna zumunta da abin da ido ya fi saurin gani, mun bar abin da ya fi nauyi. Cika majami'a na yini ɗaya abu ne da kowace ƙungiya mai kuɗin hayar lasifika za ta iya yi.

Zumunta mai aminci, a ra'ayina, ita ce wadda iyaye za su damƙa mata yaro ɗan shekara goma sha shida, bayan shekara goma ta mayar wa ikkilisiya da mutumin da ya san abin da ya gaskata da dalilin da ya sa ya gaskata shi, wanda maigidansa a kasuwa zai bar masa makullin shago ya yi tafiya hankalinsa kwance, wanda kuma maƙwabcinsa Musulmi zai ba da shaidar alheri a kansa ko da ba ya wurin. Wannan amana ce, kuma mafi yawan riƙonta yana faɗowa ne a ranakun da babu anko, babu baƙo, babu mai ɗaukar hoto.

Laifin farko ba na matasa ba ne. A ikkilisiyoyi da dama dattawa sun mayar da zumuntar matasa rundunar aikin ƙarfi: in za a ɗaura aure su kafa rumfa, in an yi rasuwa su haƙa kabari, in ana gini su ɗauki bulo. Daga shekarar 2012 kuma aka ƙara musu gadi. Bayan hare-haren 20 ga Janairu na wannan shekara, da wanda aka kai wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilu, da wuya a sami majami'ar da ba ta tsayar da samari a bakin ƙofa da na'urar binciken jiki ba. Aiki ne na sai da rai, babu mai hankalin da zai raina shi. Sai dai wa ya taɓa tambaya, saurayin da ya shafe shekaru yana tsaye a ƙofa kowace Lahadi, yaushe rabonsa da ya ji wa'azi daga farko har ƙarshe? Muna yaba masa da ƙwazo, alhali mun bar shi da yunwa. Zumuntar da ta san ciwon kanta za ta tsara gadi bi da bi, ta tabbatar wanda ya tsaya waje a wannan mako ya zauna ciki a mako mai zuwa, kuma ta iya gaya wa dattawa cikin ladabi cewa ranar nazarin Littafi Mai Tsarki ba ranar jigilar benci ba ce.

Na ambaci nazari domin a nan ne nake ganin rauninmu ya fi yawa. Kakanninmu a bangaskiya, waɗanda suka karɓi bishara a ƙauyukan Arewa, da yawansu sun koyi karatu ne don su iya buɗe Littafi Mai Tsarki da kansu. An buga cikakken Littafin cikin Hausa a shekarar 1932, bayan aikin shekaru masu yawa wanda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, kuma wannan fassara ce ta zama littafin karatu ga manoma da masaƙa da matan aure waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Lokacin da ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, TEKAN kuma, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, ta kafu a 1955, ƙarfin waɗannan ikkilisiyoyi yana hannun mutane ne masu ƙaramin ilimin boko amma masu sanin nassi ciki da bai. A yau matashi yana yawo da fassara iri iri a cikin wayarsa, ga Hausa ga Turanci, amma ka ce ya ba ka labarin Yusufu a jere ko ya gaya maka abin da wasiƙar Romawa take magana a kai, sai ya soma kame-kame. Ya san amshin waƙoƙi da yawa, ya san ayoyin da ake yawan maimaitawa a wurin addu'ar dare, amma bai taɓa karanta bishara guda daga babin farko zuwa na ƙarshe ba.

Abin da ke jawo haka shi ne yadda muke gudanar da taron mako. Ana kiransa nazari, amma in ka zauna za ka ga ƙaramin wa'azi ne: mutum ɗaya ya yi magana na minti arba'in, sauran su ce amin, a karɓi baiko, a yi sanarwa, a tashi. Nazari na gaskiya yana bukatar kowa ya buɗe littafinsa, a ɗauki littafi guda, a ce Markus ko Yaƙub, a bi shi aya aya har a kai ƙarshe ko da zai ci wata huɗu, a bar mutane su yi tambaya, su yi gardama, a koma ga nassi a warware. Littafin Ayyukan Manzanni, babi na 17, ya yaba wa mutanen Biriya ne saboda suna bin Littattafai kowace rana don su ga ko abin da Manzo Bulus ya faɗa haka yake. Idan manzo bai fi ƙarfin a bincika maganarsa ba, to mai wa'azin da ke fitowa a TikTok yana alkawarin mota da biza ga duk wanda ya tura kuɗin shuka iri bai fi ƙarfin haka ba. Matashin da bai saba da auna magana da nassi ba, duk wanda ya fi ɗaga murya shi ne zai tafi da shi.

A Kano wannan bukata ta fi tsanani fiye da a garuruwa da yawa, kuma dalilin a fili yake. Matashin Kirista a nan yana zaune ne cikin al'umma mai riƙon addini da gaske. Abokin karatunsa ko abokin aikinsa ya shiga Islamiyya tun yana ƙarami, ya haddace abin da ya haddace, ya san dalilan imaninsa, kuma ba ya jin nauyin tambaya. A shagon ɗinki, a garejin kanikanci, a ɗakin kwanan ɗalibai, za a tambayi yaronmu yadda Allah zai zama ɗaya kuma uku, da abin da muke nufi in mun ce Yesu Ɗan Allah ne, da ko gaskiya ne an canja Linjila. Mafi yawan masu tambayar nan ba faɗa suke nema ba, so suke su ji. Yaron da ba a koya masa ba, ko dai ya yi shiru cikin kunya, ko ya fusata ya faɗi abin da bai kamata ba, kuma dukansu biyu hasara ce. Manzo Bitrus ya ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begen da muke da shi, ya kuma ɗaure wannan umarni da sharaɗin tawali'u da girmamawa. Zumuntar da ba ta taɓa zama ta ɗauki waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta nemi fasto ko malamin makarantar tauhidi ya bi su da matasa a tsanake, ta tura yaranta fili ne hannu wofi. Haka kuma dole ta zama wurin da matashi zai iya cewa yana shakka a kan wani abu ba tare da an kalle shi kamar wanda ya ja da baya ba. Wanda aka hana shi tambaya a majami'a zai kai tambayarsa wani wuri, kuma a can za a amsa masa.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba a cika son taɓawa ba. A sashen Hausa na ikkilisiyoyi da yawa, sujadar safe da Hausa ake yi, amma da zarar matasa sun keɓe sai taro ya koma Turanci, domin masu riƙe da shugabanci ɗaliban jami'a ne ko waɗanda suka gama. Wa aka bari a baya? Yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana aikin gida a Nasarawa, saurayin da ya zo daga Sumaila ko Tudun Wada yana tura baro a kasuwar Sabon Gari, da yaran Masihiyawa, wato Hausawa Kirista, waɗanda Hausa ce harshen da suka sha a nono. Sukan zo sau biyu ko uku, su zauna a baya, ba su fahimci rabin abin da ake faɗa ba, ba wanda ya tambayi sunansu, sai su daina zuwa. Abin takaici ne a ce a birnin Kano, cibiyar Hausa, Bahaushe Kirista ne zai ji kansa baƙo a zumuntar ikkilisiyarsa. Ikkilisiyar farko ta gamu da irin wannan matsala a Urushalima, lokacin da masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci, manzanni kuwa ba su ce a yi haƙuri a ci gaba ba, sun sa an zaɓi mutum bakwai don su gyara lamarin, kuma sunayen bakwai ɗin duk na Helenanci ne. Wato an ba waɗanda aka tauye haƙƙinsu ragamar gyaran. Zumuntar da ke da mutanen da ba sa jin Turanci ya kamata ta sa wasunsu cikin kwamiti, ba ta tsaya ga yi musu tafinta kawai ba.

Ƙabilanci ma yana nan, ko da yake mun iya ɓoye shi. Kano ta tara Bajju da Atyap da Ngas da Tangale da Zaar da Bura da Margi da sauransu a benci ɗaya, wannan kuwa albarka ce da ƙauyukanmu na asali ba su da ita. Amma a bari lokacin zaɓen shugabannin zumunta ya zo, sai ka ga ana kai da komo cikin dare, kowa yana ƙirga mutanen garinsu. Matasan da suka koyi wannan a majami'a su ne gobe za su yi shi a majalisar dattawa, su raba ikkilisiya a kan wanda za a kawo fasto.

Abu na gaba da nake dubawa a kowace zumunta shi ne abin da take yi idan mutum ya ɓace. Kusan kowane sakatare yana da rajista, amma amfaninta a wurare da yawa bai wuce sanin wanda bai biya kuɗin wata ba. Idan yarinya ta yi mako uku ba a gan ta ba, akwai wanda zai hau Adaidaita Sahu ya je Dakata ko Hotoro ya ƙwanƙwasa ƙofarsu? Saƙon WhatsApp ba ya maye gurbin wannan. Waɗanda suka kafa aikin yaɗa bishara na Sabon Rai Don Kowa a farkon shekarun 1960 sun gina shi ne a kan ƙananan ƙungiyoyin addu'a da fita gida gida, kuma masu bi na yau da kullum ne suka ɗauki nauyinsa, ba fastoci kaɗai ba. Mun riƙe waƙoƙin Sabon Rai da gangunansu, amma tafiyar ƙafar ta ragu ƙwarai.

Waɗanda suke ɓacewa kuwa, sau da yawa ba gardamar tauhidi ce ta fitar da su ba. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma a watan Mayun 2018 ne Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Duk wanda ya san lungunan Sabon Gari da dare ya san cewa yaran majami'a ba su tsira daga wannan ba. Ga kuma cacar ƙwallo ta waya, wadda ke cinye kuɗin makaranta da jarin sana'a a ɓoye, har mai yin ta ya zo ya jagoranci yabo ranar Lahadi ba wanda ya sani. Zumuntar da ba a ambatar waɗannan abubuwa da sunansu a cikinta, sai dai a dunƙule su a ce sha'awar duniya, ba ta taimaki kowa ba. A kira ma'aikacin lafiya daga cikin ikkilisiya ya yi bayani, a san inda za a kai wanda ya riga ya kamu, a kuma sami manya biyu ko uku waɗanda yaro zai iya gaya musu gaskiya ba tare da maganar ta kai kunnen Zumuntar Mata kafin faɗuwar rana ba.

Batun horo yana bukatar a faɗi gaskiya a kansa. Idan yarinya ta yi ciki ba aure, ana sanar da ikkilisiya, a dakatar da ita daga cin jibin Ubangiji, ta koma bencin baya, ƙawayenta su janye jiki kamar abin yana yaɗuwa. Saurayin kuwa, musamman in yana da amfani a wajen kaɗa jita ko iyayensa masu faɗa a ji ne, sau da yawa maganarsa takan mutu a ofishin fasto, ko ya koma wata majami'a ya ci gaba da hidima. Ba ina cewa a soke horo ba, domin ikkilisiyar da ba ta tsawatarwa ta daina ɗaukar zunubi da muhimmanci. Amma Bulus ya gaya wa Galatiyawa cewa manufar ita ce a komo da wanda ya faɗi cikin ruhun tawali'u, kowa yana lura da kansa. Horon da ya faɗa kan mace kaɗai zalunci ne, wanda kuma ba a bi shi da ziyara da addu'a da taimakon kuɗin asibiti ba kora ce aka yi mata da wani suna. A nan matasa suna da abin da dattawa ba su da shi, domin su ne tsaranta, kuma zuwansu gidansu a watannin nan shi ne zai nuna mata ko akwai sauran wurinta a cikin jama'ar Allah.

Game da kuɗi ba zan tsawaita ba, domin maganar a bayyane take. Zumuntar da ma'ajinta ke ajiye kuɗin jama'a a asusunsa na kansa, wadda ba a karanta rahoton shiga da fita a gaban kowa, wadda shugaba ke cire kuɗi shi kaɗai, tana koya wa yara sata ne ko da ba a saci ko kwabo ba. Bulus da kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba, ya tafi da waɗanda ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada wani ya sami abin zargi. Sa hannun mutum biyu, rasit, da rahoto duk wata uku ba rashin yarda ba ne. Haka nan in lokacin zaɓe ya ƙarato, ɗan takara ya aiko da ambulan don a sayi kayan kiɗa, ya kamata shugabanni su san cewa ba a ba da irin wannan kyauta a banza. Kowane matashi ya yanki katin zaɓe ya zaɓi wanda ya ga dama, amma sunan zumunta ba na sayarwa ba ne.

Kusa da wannan akwai batun sana'a. Ba daidai ba ne a tara samari marasa aikin yi dare uku a mako ana addu'ar buɗi, alhali a cikin ikkilisiyar akwai tela da kafinta da mai gyaran waya da mai shago a Kantin Kwari waɗanda za su iya ɗaukar yaro ɗaya ɗaya su koya masa. Wasiƙa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa ta yi magana mai zafi a kan masu zaman banza. Zumuntar da ta haɗa adashi ta saya wa ɗaya daga cikinta keken ɗinki ta yi aikin ruhaniya, ko da ba a yi waƙa ko ɗaya a wurin ba.

Sauran abin da ya fi wuya shi ne zama da maƙwabta, kuma ba zan yi kamar ban san tarihin garin nan ba. Akwai iyalan da har yau suna ɗauke da tabon rikicin Oktoban 1991, lokacin da aka shirya taron mai wa'azin bishara Reinhard Bonnke, da na Mayun 2004 da ya biyo bayan kashe-kashen Yelwa. Akwai waɗanda suka rasa nasu a tashar motoci ta New Road ranar 18 ga Maris, 2013, da a majami'ar St. Charles a Yulin 2014. Tsoron da iyaye ke ji ba ƙirƙira ba ne, kuma koke-koken da Kiristocin jihar suka daɗe suna yi, a kan wahalar samun filin gina majami'a da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, sun cancanci a ci gaba da gabatar da su ta hanyar doka ba tare da gajiya ba. Amma na ga zumuntar da ba ta da abin tattaunawa sai abin da aka yi mana, kowane taro a sake buɗe gyambon, har yaron da aka haifa bayan waɗannan abubuwa ya tashi yana ƙin mutanen da bai taɓa zama da su ba. Irin wannan zumunta takan yi ƙarfi da sauri, domin fushi yana tara jama'a, sai dai abin da take ginawa ba almajiranci ba ne. Ya kamata kuma yaranmu su san cewa waɗanda suka kai hari majami'u su ne suka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014, inda fiye da mutum ɗari suka rasu. Gidajen cikin Birni ma sun yi zaman makoki.

Annabi Irmiya ya rubuta wa mutanen da aka kwashe zuwa Babila, birnin da ya rushe nasu, ya ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana cikin lafiyarsa. Mu kuwa ba bayi ba ne a Kano, da yawanmu a nan aka yanke mana cibi, wasunmu ma ba su da wani gari sai wannan, don haka umarnin ya fi hawa kanmu. Muna da misali a gabanmu: Asibitin Ido na ECWA, wanda mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ta buɗe a 1943, ya shafe fiye da shekara tamanin yana duba idon duk wanda ya zo, daga Kano da jihohin maƙwabta har da Nijar, ba a tambayar addinin mutum kafin a yi masa aiki. Sunan da wannan asibiti ya saya wa Kiristoci a garin nan ya fi abin da tarurrukan fili da yawa suka saya. Zumuntar matasa ba za ta gina asibiti ba, amma za ta iya yashe kwatar unguwa kafin damina tare da samarin masallacin layinsu, ta ba da jini a asibiti, ta je gaisuwar mutuwa gidan maƙwabci, ta kai barka da Sallah, ta kuma karɓi tuwon Sallah da hannu biyu. Waɗannan ba sa rage wa kowa bangaskiyarsa, kuma ba sa hana shaidar Almasihu, su ne ma suke sa a saurare ta.

A nan ne waya ta zama abin tsoro. Magana ɗaya da yaro ya rubuta cikin fushi a Facebook, ko hoton da ya tura ba tare da ya san asalinsa ba, tana iya jawo abin da dattawan gari za su yi wata guda suna kashewa. Shugaban zumunta da ke barin ana zagin addinin wasu a dandalin WhatsApp na ƙungiya, ko ana yaɗa jita-jitar hari ba tare da tabbaci ba, ya ci amanar rayukan da ke hannunsa. Koya wa matasa kame baki da kame yatsa a Kano ba tsoro ba ne, hikima ce, kuma biyayya ce ga umarnin ƙaunar maƙwabci.

Duk wannan yana komawa ga irin shugabannin da ake zaɓa da yadda manya ke tsaya musu. Bulus ya gaya wa Timoti kada ya bari kowa ya raina ƙuruciyarsa, kuma matasa suna son wannan aya, amma sukan tsaya a rabinta, domin sauran ta ce ya zama abin koyi ga masu bi ta wajen magana da hali da ƙauna da bangaskiya da tsarki. Ba wanda ya fi iya riƙe makirfo ne ya cancanci shugabanci ba. A wani ɓangaren kuma, mutumin da ya haura shekara arba'in, yana da yara a sakandare, amma ya ƙi sakin kujerar shugaban matasa, ya toshe hanyar waɗanda ya kamata su koyi aikin. Ya koma gefe ya zama mai ba da shawara. Ƙungiyoyin da suka daɗe, irin su Boys' Brigade da aka kafa a Glasgow a 1883 da FCS, zumuntar ɗalibai Kirista, da ta soma a Gindiri a 1957, sun rayu ne domin kowane rukuni yana horar da na bayansa tun kafin ya tafi. Haka kuma a daina ware wa mata muƙamin mai kula da abinci da walwala kawai, alhali a zumuntoci da yawa su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi zuwa nazari.

Kano gari ne na masu wucewa. Ɗalibi yakan yi shekara huɗu ya tafi, mai bautar ƙasa ya yi shekara ɗaya, ma'aikaci a yi masa canjin wurin aiki zuwa Abuja ko Legas, yarinya ta yi aure ta bi mijinta Fatakwal. Yawancin zumuntoci sukan yi wa mai tafiya addu'a, a ba shi kyautar agogon bango, shi ke nan an rufe babinsa, kuma a irin wannan sauyin wuri ne matasa da yawa suke daina zuwa majami'a gaba ɗaya, domin a sabon garin babu wanda ya san su balle ya lura da rashinsu. Lokacin da Fibi, wata mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya, za ta tafi Roma, Bulus ya rubuta wa masu bi na can ya gabatar da ita da sunanta, ya roƙe su su karɓe ta, su taimake ta a duk abin da take bukata. Ikkilisiyoyinmu suna da rassa a kusan kowane babban gari a ƙasar nan, kuma samun lambar shugaban matasa na can ba ya ɗaukar yini guda. Sakatare ya rubuta wasiƙa, fasto ya sa hannu, a kira can a ce ga ɗanmu nan zuwa, ga unguwar da zai sauka, sannan bayan wata biyu a sake kira a ji ko ya isa majami'ar.